Maruƙa Biyar da Korar Gwaggo Tabutany

Yaya Kiplimo,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau a Pretoria, abinci sau ɗaya a rana ma ya ishi ɗalibi.

An ce ka kori Gwaggo Tabutany daga gida, wai bakinta ne ya sa saniyarka ta jera maruƙa maza biyar. Haba, Yaya! Lissafin da nake karantawa ke nan. Kowace haihuwa rabi da rabi ce, ko namiji ko mace. Cikin shanu talatin da biyu masu haihuwa biyar, ana sa ran ɗaya ta yi haka.

Ka je ka dawo da ita yau. Mu ma maza biyar Mama ta jera. Wa aka kora?

Ƙaninka,
Kibiwott