Bako, Madam Ta Rasu, Mun Kasa Tayar da Kiɗa

Zuwa ga abokina Bako mai jita, a Kandi ko duk inda kake a ƙasar Benin.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ne Garba mai jitar bes, na Bagudo, idan ba ka shafe sunan daga kanka ba. Lambar wayarka ta daɗe da mutuwa, saƙon baki kuma na aika har na gaji, shi ya sa na kawo maganar shafina inda kowa zai gani. Wanda duk ya san ƙofar gidanka, na haɗa shi da Allah ya je ya karanta maka.

Bako, Madam ta rasu. Mama Nkechi, mai Sauka Lafiya Otal, wadda muka yi wa kiɗa tun ba mu da gemu. Gawarta tana ɗakin ajiye gawa a Birnin Kebbi. Ranar Asabar mai zuwa 'ya'yanta za su biyo da ita ta Bagudo ta yi sallama da gidanta, daga nan su wuce da ita kudu garin mijinta, yadda al'adarsu take. Ka tuna alkawarin da ta ɗaura mana? Tana tsaye bakin madafa da ludayi a hannu ta ce, "Ranar da za a fitar da ni daga garin nan ba na son kuka. Ku za ku raka ni da kiɗa har bakin gari." Kai ne ka fara cewa to. Yanzu ranar ta zo, kai kuma ba ka nan.

Yaran da ke karanta wannan za su ɗauka tatsuniya nake yi. Wai Bagudo, gidajen kiɗan jita? Ɗan ƙanena ya yi mini dariya har da riƙe ciki. To bari in faɗa musu, kai ne shaidata.

Na farko shi ne Inuwar Mangwaro, bayan tasha. Ba gini ba ne ma, zana ce aka kewaye, da benci, da batirin mota da ake jona wa lasifika. Nan wasu makaɗa daga Parakou suka sauka a hanyarsu ta wucewa, nan muka fara jin jita mai lantarki tana kuka. Akwai wani dattijo daga Lafagu da ya kawo albasa kasuwa, ya leƙo ta ramin zana, ya ja da baya yana cewa, "Wanga molo da aljani cikinai!" Kai kuwa kana tsaye baki buɗe, ƙuda na neman shiga. Da aka tashi ka bi mai jitar har masaukinsa, kana yi masa Dandanci yana yi maka Faransanci, har ya gaji ya nuna maka inda ake aza yatsu.

Na biyu Bakin Gulbi, wurin 'yan kwastan da direbobin manyan motoci. Ban taɓa son wurin nan ba, kuma har gobe ba na kewarsa. Kiɗa bai kai rabi sai kwalba ta tashi. Tabon da ke girar Sule mai ganga a nan ya samo shi, ba shi ya yi faɗan ba, wucewa kawai kwalbar take yi.

Sai Sauka Lafiya. Katangar bulo, rufin kwano, dandamalin katako da Madam ta sa kafinta ya buga mana. Ita ce ta gane cewa kiɗan ranar kasuwa ya fi na kowace rana, sai ta sa muna farawa da la'asar, kafin mutanen ƙauye su kama hanya. Samarin Kende da na Geza su jingine kekunansu jikin katanga, malaman makaranta su zo da rigunansu masu guga, 'yan kudu masu shaguna su rufe su taho da matansu. Mai shan giya na gefe guda, mai shan lemo na gefe guda, Bafulatani na tsaye can baya da sandarsa a kafaɗa yana kaɗa kai. Malaman nan su ke ce wa kiɗanmu rok. Mu dai abin da muka ji a rediyon Kwatano muke haɗawa da abin da muka tashi muka ji a gida, mu ƙure murya.

Ka san tsarin wancan zamani: kayan kiɗa na mai gida ne, makaɗi yatsunsa kawai ya mallaka. Madam ba ta yarda ko tsirkiya ta kwana a waje. In an tashi sai ta ƙirga kayanta da ido, ta goge su da kanta, ta kulle. Mun yi ta zaginta a bayan ido, muna cewa matar nan ta cika maƙo. Amma ba mu taɓa hawa dandamali da yunwa ba, kuma ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti ita ta yi ta kai mata abinci ba tare da na roƙa ba.

Sai doka ta canza a jihar, aka hana giya, aka rufe wuraren. Ba zan tsaya ina jayayya da wannan ba, ni ma na ga gidajen da kwalba ta rusa. Amma da aka zo sharewa, da mu aka haɗa. Inuwar Mangwaro yanzu wurin wankin babura ne, mangwaron ma an sare shi. Bakin Gulbi ambaliya ta cinye, ko tubali ba za ka gani ba. Sauka Lafiya ya koma shagon taki da maganin feshi, Madam ta koma sayar da shinkafa da miya a ƙofar gida, da yawa daga cikin 'yan'uwanta suka tattara suka koma kudu, ita ta ce ba inda za ta. Sule ya kama awon hatsi, har ya je Makka. Yohanna mai jita ta biyu ya koma kaɗa wa cocinsu. Ni na koma gyaran janareta, hannuna kullum baƙi ƙirin.

Kai kuwa ka ce, "Ni ba ni zama garin da yatsuna za su ruɓe." Ka hau bayan motar gawayi ka tsallaka iyaka. Na ji haushinka, Bako, ba zan ɓoye ba. Shekaru na yi ba na son a ambaci sunanka a gabana. Da farko kana aiko gaisuwa da kaset, daga baya gaisuwa kawai, daga baya shiru.

Shekaranjiya Nkechi, babbar ɗiyar Madam, ta kira ni gidan. Ka san ta da Hausa kamar jakar Kano, nan aka haife ta. Ta ja ni ɗakin uwarta ta ɗaga gado. Kayanmu ne gaba ɗaya, kowanne an naɗe shi da zanen atamfa, babu tsatsa, babu cin gara. Jitarka ja tana nan da ƙunar sigarin da ka yi mata a wuya. Nkechi ta ce duk ƙarshen damina uwar takan fito da su ta shanya, ta shafa musu mai, ta mayar. Ta ce, "Kawu Garba, Mama ta ce kun san abin da za ku yi."

Na je wurin Sule ina jin nauyin maganar, don yanzu Alhaji ne mai jikoki, sahun gaba a masallaci. Na san abin da garin nan zai ce in aka gan shi da sandunan ganga a gaban gawar Kirista. Bai bar ni na gama ba. Ya ce a yi ta faɗa, matar ta ci amanar wa? Yohanna kuwa tun kafin in isa ya riga ya sayo sababbin tsirkiyoyi.

Jiya da la'asar muka haɗu a shagon takin, muka ture buhuna gefe. Dandamalin yana nan, katakon ya yi baƙi amma bai karye ba. Na tayar da janareta, lasifika ta yi tari ta kama. Muka rataya kaya. Muka tsaya.

Bako, mun kasa farawa.

Ba mantuwa ba ce. Yatsuna sun san hanyarsu, na Yohanna ma sun fi na da laushi. Abin da ba mu taɓa lura da shi ba shi ne, a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa ƙirga mana shiga, babu wanda ya taɓa faɗin sunan waƙar da za a yi. Kai ne kake buga diddigenka a kan katako, ƙwas, ƙwas, daga nauyin bugun da saurinsa kowa ya san wace waƙa ce da inda zai faɗo. In za a juya kiɗa diddigen ne, in za a tsaya shi ne. Ba kunne ne ke ji ba ma, ta tafin ƙafa yake shigo mana, ta cikin katakon. Jiya mu uku, tsofaffi da furfura, muka tsaya kowa ya sunkuyar da kai yana kallon wurin da ƙafarka take tsayawa.

Sule ya gwada buɗewa da ganga, na shigo a makare, Yohanna ya shigo da wata waƙa dabam. Muka sake. Yohanna ya ƙirga mana irin na coci, muka tafi kamar jakuna uku da aka ɗaure wa igiya ɗaya, kowa na jan nasa gefen. Ni na gwada buga ƙafar, Sule ya ce in bari, kamar ina kashe kunama. Muka yi dariya, dariyar ta ƙare, Sule ya aza sandunansa a kan ganga ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa. Nkechi tana bakin ƙofa. Ta ja ƙofar a hankali ta tafi. Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

Yau da safe wani ɗan kabu-kabu mai ɗauko kaya daga Segbana ya kawo mini janareta gyara, na yi masa tambayar da nake yi wa duk wanda ya tsallako. Ya ce ya san ka. Ya ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ka tun bara waccan, hannu ya mutu, baki ya karkace, ba ka fita, ba ka son kowa na Bagudo ya gan ka haka. Ashe shirun ke nan. Ni ina nan ina cewa girman kai ne, kai kana can kwance.

Na ajiye sifanar da ke hannuna. Sannan na tambaye shi wane ɓarin ne. Ya yi tunani, ya taɓa kafaɗarsa, ya ce na dama.

Bako, da diddigen hagu kake bugawa.

Ba jita nake roƙonka ba, Yohanna zai riƙe ta. Ba waƙa ba. Kar ka ji kunyar bakinka, mu ma ba wanda ya rage da haƙoran kirki. Ɗan kabu-kabun ya ce zai iya samo mota ta ɗauko ka har ƙofar shagon, ni da Sule za mu ɗauke ka mu zaunar a kujera. Mun riga mun yanke shawarar ɓamɓaro katakon dandamalin mu shimfiɗa a bayan a-kori-kura, mu bi motar gawa a kansa har bakin gari. Kai dai ka aza ƙafarka a kai.

In ba ka zo ba, za mu fito duk da haka, don mun ce to. Za mu tsaya a bakin hanya da kayanta rataye a wuyanmu, motar ta wuce mu shiru, 'ya'yanta na kallonmu ta taga.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sassauta maka abin da kake ciki, Ya yafe mini zargin da na yi maka. Ita kuma Madam, Shi Ya fi mu sanin abin da ta yi mana, mun bar ta a hannunsa. Allah Ya sa wannan saƙo ya riske ka kafin Asabar.

Naka, mai jiran bugun ƙafarka,
Garba mai bes, Bagudo.