Takalminki na Hagu Yana kan Kanta

Zuwa ga Zumreta, hasken da ke fara sauka kan tsauni tun kwari yana cikin duhu, ruwan farko na narkewar ƙanƙara, zumar furen dutse wadda ba a lasa sai an hau an sha wuya, sanyin idona kuma ciwon kaina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa Tuzla lafiya, kin sami ɗanki Nedim da jikoki ƙalau. Na ce ina fata, don ba ki aiko kin faɗa ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san shanu ne suka yi mini makaranta. Yayana aka kai ya koyi riƙe biro, da biron kuma ya cinye gonar ubanmu. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don a ƙauyen nan maganar da ka faɗa da safe, kafin ƙararrawar coci ta buga ta rana ta isa mahauta.

Tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat, farin watana. Me ya sa kika tafi da takalmanki?

Kada ki ce mantuwa ce. Ana mantuwa a bar abu, ba a mantuwa a ɗauka. Kin san al'adar otal ɗin nan kamar yadda na santa. In kakar sanyi ta ƙare, baƙi masu wasan sulu a kan ƙanƙara suka watse, bizar ma'aikata ta cika, duk wanda ke da niyyar dawowa sai ya hau ɗakin saman rufi ya ajiye takalmansa na ƙanƙara a kan kanta. Bayan Ista mai otal, Uwargida Gstrein, takan hau da kanta ta duba. Wanda ta ga takalmansa, shi za ta kai sunansa ofis a nema masa takardar aiki ta baɗi. Wanda ba ta gani ba, ta ba wani gurbinsa, don takardun ƙidayayyu ne, masu jira kuma ba iyaka. Ba ta tambaya, ba ta waya. Kowace shekara naki na can a kusurwa kusa da taga, kin cusa musu jarida don kada su lanƙwashe. Nakan hau da rani in ce zan duba rufi. Rufin nan lafiyarsa lau, Zumreta. Bana kuwa ina tsaye da shebur a bakin ƙofa na ga kin naɗe su a leda kin tura ƙasan jaka, kina waige kamar mai ɓoye nama daga kyanwa.

Takalman da ni na gyara! Kin tuna sanyinki na farko a nan? Kin fito ta ƙofar bayan kicin da tulin zannuwan gado ya rufe miki fuska, ƙanƙara ta kwashe ki, kika zauna daɓas, zannuwa suka bazu kamar garken tumaki. Na zo ɗaga ki kika ture hannuna, kika zage ni da yarenku, wai ni ne ban zuba gishiri a hanya ba. Na zuba. Har gobe ina nan a kan na zuba. Amma ranar na karɓi takalman nan na kai ɗakin tukunyar ɗumama gida, na yanka tsohuwar taya na yi musu tafi, na jera ƙusoshi. Da la'asar, tsakanin gyaran ɗakuna da abincin dare, kika sauko da 'yar tukunyarki ta tagulla kika dafa mini gahawa mai kauri kamar taɓo, kika ce in daina ɓata rai, fuskata ta isa ta tsinke madara. Tun mutuwar matata ba wanda ya yi mini dariya a fuska na ƙyale shi sai ke. Daga ranar nan ɗakin tukunya ya zama mini makiyayar bazara, ƙamshin sabulun hannunki ya fi mini ƙamshin ciyawa sabuwar yanka. Saboda ke, da ba kya cin sa, na sauke naman aladen da ke rataye a kicin ɗina tun zamanin uwata na ba maƙwabci. Ya ɗauka na haukace. Wataƙila da gaskiyarsa.

To wa ya shiga tsakani? Ruwa ba ya tsami banza.

Ina zargin Ewald, shugaban kicin na babban otal ɗin da ke gindin kwari. Mutumin da tun muna yara bai taɓa ba kowa ko ɓawon burodi ba, me ya hau da shi wurinmu ranar bikin rufe kaka da kek a kwali? Wa ya ce masa kina son kek mai goron ruwa? Na ga ya ja kujera kusa da ke, na ga kin rufe baki da hannu kina dariya. Na san abin da yake sayarwa: wai otal ɗinsu ba ya rufewa, rani da sanyi, wai za su nema miki takarda mai tsawo, ɗaki ke kaɗai, babu hawa bene da bokiti. Haka ya gaya wa matan da suka gabace ki. Ki tambaye shi ina suke yanzu. Takardar da aka rubuta da sunan otal igiya ce, wanda ya riƙe bakinta shi ke ja, kuma Ewald ba ya sakin abin da ya riƙe sai ya tsotse shi. An ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Ina zargin Uwargida ma. Na ji ta a waya tana yabon 'yan matan da ake kawowa daga nesa, wai ba sa ciwon gwiwa, ba sa mayar da magana. Ko ta faɗa miki wani abu a ɗakin wanki da ya sa kika yi zuciya? In haka ne ki gaya mini. Na san kowane bututu a gidan nan, na san wanda in na ƙi taɓawa baƙinta za su yi wanka da ruwan ƙanƙara.

Ina zargin Nedim, Allah ya shirya shi. Yana son mai renon yara kyauta, sai ya ce miki kin tsufa da gyaran gadon baƙi. Da kike aika masa abin da ya gina benensa ba ki tsufa ba?

Kuma, ki yafe mini, ke ma ina zarginki, kurciyata. Da na ce mu je a ɗaura mana aure ki huta da wannan zo-ki-tafi, kin ce a'a, wai za a ce don takarda kika auri tsoho, wai 'yan ofis za su zo su leƙa ɗakinmu su ƙirga buroshin haƙori. Su zo mana! Nawa haƙoran ma a kofi suke kwana, su ƙirga har da su. Na yarda da uzurin nan a lokacin don bakinki ne ya faɗa. Yanzu ina juya shi kamar yadda saniya ke tuƙa. Kunyar mutane ce, ko kuwa ni ne ban kai ba? In ni ne, ki faɗa a fili. Na saba. An ƙwace mini gona ban mutu ba. Sai dai gona ba ta taɓa dafa mini gahawa ba.

Yanzu ki ji abin da na yi, kuma ba neman gafara nake ba. Da kika shiga yi wa matan kicin sallama, jakarki na bakin ƙofa tana jiran bas, na buɗe na zare na hagu, na cusa tsohon tawul a gurbinsa. In ba ki kwance ledar ba tukuna, ki je ki duba. Na hau sama na ajiye shi a kusurwarki kusa da taga, na cusa masa jarida yadda kike yi. Da Uwargida ta hau dubawa ina biye da ita, wai zan duba rufi. Ta tsaya a kansa, ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, Kassian, ƙafa ɗaya? Na ce mata ɗayar tana tafe. Ta juya ta sauka. Jiya ta ce mini ta kai sunanki.

Saboda haka gurbinki na nan, hasken tsaunina. Na yi rantsuwa a gaban mace da ba ta yafe ƙarya, na sa sunana da aikina a kan takalmi ɗaya. In ƙanƙarar farko ta sauka ba ki zo ba, ita za ta yi asarar takarda, ni kuma in zama abin dariyar kwarin nan, Ewald ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne la'asar a ɗakin tukunya babu ƙarar cokalinki.

Kada ki aiko a ce in sa shi a gidan waya. Ba zan sa ba. Kada ki aiko Nedim, ba zan buɗe masa ƙofa ba. Mai takalmi ita ke zuwa ta ɗauka, ta zage ni da yarenku son ranta, ina tsaye ina ji. Zan zuba gishiri tun daga tashar bas har ƙofar bayan kicin, a gaban shaidu wannan karon.

Naki har tsaunin nan ya zama fili, wanda bai taɓa sauya magana ba balle zuciya,

Kassian