Tarwaɗar da Ka Bar Mini

Gangara, 2 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga Maigida, Baban Garba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a Arlit. Yaya aikin ginin, yaya kuma ƙafar da ka ce tana damunka? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Innarka tana gaishe ka, tarin nata ya yi sauƙi. Garba da yayarsa ma suna gaisuwa.

Bayan haka, Barmo direba ya kawo takardarka da rabin buhun shinkafar, Allah ya saka da alheri. Da kaina na karanta, karatun yaƙi da jahilcin da kake yi mini dariya a kansa ya yi rana. Layi goma sha ɗaya ka rubuto, na ƙirga. Biyu namu ne, tara na kifi.

To, ga labarin ƴan gatan naka. Cikin tarwaɗa uku da ka bari, ɗaya ta yi tsalle ta faɗo daga kwamin siminti da tsakar rana, kafin in gan ta ƙasa ta gasa ta. Saura biyu, namijin da macen. Yara sun raɗa musu suna, shi Maigemu, ita Gwaggo. Suna ci, suna juyi, ba su san ana yunwa a nan ƙasar Damargu ba.

Ruwa shi ne wahalata. Ka san rijiyarmu gaba arba'in ce, kuma tun da fari ya kashe mana sa ba mu da abin ja. Sai in tsaya har Dado, Bafillatanar nan da suka sauka bayan gari, ta gama shayar da ragowar shanunsu, sannan ta sa a ja mini wasaki ɗaya. Duk bayan kwana uku tulu huɗu nake ɗaukar wa kifi, ban da na sha da na girki. Tsohon ruwan nakan ba akuya, abin da ya rage in zuba wa zogale. Matan rijiya yanzu matar Sarkin Ruwa suke ce mini. Nakan yi dariya tare da su, amma wuyana ba ya dariya.

Dusar da ka ce in riƙa ba su, bana mutane ke cin ta. Gara nake haƙo musu a suri da sassafe, in na samu fara in haɗa.

Akwatin gilashin da Nasaran aikin rijiyoyi ya bar maka yana nan, ban bar yara sun taɓa ba. Wani lokaci in na dube shi sai in ce da ma ya tafi da abinsa. Shi ya sa maka wannan ciwon, har ka je tabkin Gidimuni ka ɗauko kifi a tano, babban kwanon nan, ka kawo ƙasar da ko kwaɗo sai da damina.

Ban manta da abin da ka faɗa a ƙofar gida ranar tafiyarka ba. Ka ce randa suka haihu za ka dawo, ka rene su a gilashi, ka zuba a tabkin gari kowa ya ci, kuma ba za ka ƙara zuwa arewa ba. Na san dariyar mutane ce ta kore ka, ba yunwa kaɗai ba. Ni tabkin gari bai dame ni ba. Saboda dawowar nake ɗaukar tulu.

Na riƙe umarninka kuma: in karkata indararo ruwan farko ya zuba a kwamin, in sa ciyawa a ciki, in sun zuba ƙwai in fitar da manyan a ranar. Wannan na ƙarshen ban gane dalilinsa ba, amma na ji.

Ka gaida duk wanda ya san mu. Allah ya tsare.

Ni ce matarka,
Tabawa


Gangara, 8 ga Yuni, 1985

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da shan ruwa. Da fatan azumin yana zo maka da sauƙi, kuma kana samun abin sahur. Mu nan alhamdulillahi. Inna ta ƙi ajiye azumi duk da tsufa, na yi magana har na gaji.

Ba zan tsawaita ba. Azumin bana ban taɓa ganin irinsa ba. In ɗauko ruwa daga rijiya da baki bushe, in zo in juye wa waɗanda ba a wajabta wa azumi ba, suna ta wasa a ciki ina kallo. Rijiyar ta ja baya, yanzu sai an jira ta taru. Mutanen Dado sun rasa shanu biyu a satin nan, duk da haka ba ta hana ni wasakina ba. Ta ce dai ba ta taɓa ganin dabbar da ba nono, ba kashin taki, ba a ɗora mata kaya, amma ana yi mata bauta haka ba.

Zan gaya maka gaskiya. Ranar Talata na tsaya a bakin kwamin da wuƙa a hannuna. Kwana tara ba mu ga nama ba, Inna ta rame, ga Gwaggo ta yi ƙiba kamar damtsena. Na daɗe a tsaye. Sai na lura cikinta ya kumbura, ya yi laushi ta gefe kamar yadda ka kwatanta. Na mayar da wuƙar. Ban sani ba ko tausayinta na ji ko tsoron abin da zan rubuta maka.

Kada kuma ka ce ƙorafi kawai na iya. In la'asar ta yi nakan zauna a gefensu in sa hannu a ruwan. Sun san ni yanzu. Maigemu yakan zo ya goga mini gashin bakinsa a yatsu, Gwaggo kuwa sai ta gama jan aji. A duk gidan nan wurin ne kaɗai mai sanyi, kuma su kaɗai ne ba sa tambayata yaushe za ka dawo. Na nutsa musu tsohon tulun nan mai tsaga don ruwan ya samu inuwa, ko da yake bakinsa ya yi wa kawunansu kaɗan, sai dai su raɓe a gindinsa.

Shekaranjiya Garba ya tambaye ni ko kai ma kana da gashin baki irin na Maigemu. Na yi dariya, daga baya na shiga ɗaki. Wata takwas ke nan, yaron ya fara manta fuskarka.

A sha ruwa lafiya.

Matarka,
Tabawa


Gangara, 18 ga Yuli, 1985

Zuwa ga Baban Garba,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu duka lafiya. Barmo yana bakin kasuwa yana jiran takardar nan, don haka a tsaye nake rubutu.

Albishirinka! Ranar Talata da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Indararo ya cika kwamin har ya rufe ciyawar. Da ka ga yadda suka haukace, suna bin juna, suna fantsama ruwa har bango. Da safe na ga ƙwai manne a ciyawa kamar an watsa gero. Yau kuma da hantsi ruwan ya cika da wasu ƴan abubuwa masu wutsiya, ko ƙwayar shinkafa ta fi su. Ba su ƙirguwa. Baban Garba, sun haihu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, Inna ta yi guɗa da wannan muryar tata, har maƙwabta suka leƙo. Matan da ke ce mini matar Sarkin Ruwa yau su ke turereniya a ƙofa.

Maganar fitar da manyan, mun cire Maigemu tun jiya mun sa a tano. Gwaggo kuwa mun bar ta da ƴaƴanta. Na ɗauko ƙwarya zan kama ta, Inna ta riƙe mini hannu, wai a ina na taɓa ganin an raba maijego da jariri ranar haihuwa, wai namiji me ya sani a harkar jego. Dado ma ta ce bijimi ake warewa, ba saniya ba, kuma ɗan da bai kwana jikin uwa ba ba ya yin ƙwari. Na ce kai dai ka ce duka biyun. Inna ta ce ba don ƙi kaza ke taka ɗanta ba. Na duba na ga maganarsu a kan hanya take, ni ma uwa ce. Mun rufe kwamin da asabari saboda bakin mutane, ba mai leƙawa sai sun yi ƙwari.

Mun yi shuka jiya, ni da yayar Garba. Ka fara ɗaure kaya.

Taka cikin farin ciki,
Tabawa


Gangara, 23 ga Yuli, 1985

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, ƙafar kuma ta warke. Inna da yara lafiyarsu ƙalau, gero ya tsiro.

Na san takardar albishir ta riga wannan isa. Da ana kiran takarda ta dawo, da na bi motar Barmo da ƙafa.

Kwana uku ina ɗaga gefen asabari kaɗan in zuba wa Gwaggo gara in mayar, ban leƙa ba, kamar yadda muka shirya. Na lura ba ta damu da garar ba, na ce halin masu jego ne. Ranar Lahadi na kasa haƙuri na yaye asabarin. Ruwa fes. Ita kaɗai ke juyi a ciki, cikinta ya yi tim. Na ɗaga ciyawar ɗaya bayan ɗaya, na laluba kusurwa huɗu. Ina cikin lalube na ga wani ɗan guda ya fito daga ƙarƙashin ganye, a gaban idona ta buɗe baki ta haɗiye shi, ta wuce abinta.

Ta cinye su, Baban Garba. Ka faɗa mini, na ji da kunnena, na kuma rubuta maka cewa na riƙe. Ba zan ɗora wa Inna ba, ba zan ɗora wa Dado ba. Su shanu da awaki suka sani, abin da suka sani suka faɗa. Ni ce na yini da kifin nan wata tara, kuma ni aka ba amana. Inna tun ranar ba ta cin abincin kirki, tana ta cewa ita ta kashe maka dukiya. Dado ta zo ta leƙa, ta tofar da yawu, ta ce wannan ba dabba ba ce, ta tafi. Jiya kuma ta aiko mini da nono.

Na ɗauki taɓarya a kan Gwaggo, ban ɓoye maka ba. Na tuna tulunan da na ɗauka da azumi, na tuna wuƙar da na mayar. Amma ina ɗaga hannu sai ta taso ta goga mini baki a yatsun ɗaya hannun, tana neman gara, ba ta ma san ta yi wani abu ba. Na ajiye taɓaryar. Ƙarfin duka ma babu.

Da na zo zubar da ruwan na ciro tsohon tulun nan mai tsaga, na juye shi a ƙwarya. Sai na ga motsi. Waɗanda suka shige ciki, inda kan uwarsu ba ya shiga, su suka tsira. Na ƙirga sau uku. Tara ne.

Na wanke akwatin gilashin Nasara, na cika shi da ruwan sama, na sa su. Gwaiduwar ƙwan zabuwa nake dafawa in murmusa musu kaɗan kaɗan, ina sauya ruwa da ludayi. Sun fara baƙi, da safe ana ganin ɗan gashin bakinsu in rana ta haska gilashin. Suna da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Tara dai ba za su cika tabkin gari ba, na sani, kuma matan rijiya sun samu sabon abin dariya. Wannan karon ni suke wa, ba kai ba, kuma na iya ɗauka.

Yanzu ga maganata. Na gaji. Ba gajiyar da barci ke warkarwa ba. Ciyawa ta taso wa gero, noman farko ba aikin mace ɗaya da yarinya ba ne. Inna ta tsufa a shekarar nan fiye da yadda ka bar ta. Ina tsoron ka karanta takardar nan ka ce sai wata damina, ka sake aiko mini da layi tara na kifi. Na yarda akwai ƴaƴan da sai an nisanta su da iyayensu suke rayuwa, na gani da idona. Garba da yayarsa ba irinsu ba ne.

Na sake juya maganar da ka yi a ƙofar gida, kalma bayan kalma, Inna ma shaida ce. Cewa ka yi randa suka haihu za ka dawo. Ba ka ce guda nawa ba.

Barmo zai juyo daga Arlit ranar goma ga wata mai kamawa, na gaya masa ya bar maka wuri a gaba saboda ƙafarka. Zan riƙe maka taran nan da rai har ranar, in Allah ya yarda. Bayan ranar kuwa, mai kifi ya zo ya ɗauki tulunsa.

Inna da yara suna gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce matarka mai jira,
Tabawa