Wakilin Da Yaranmu Kurame Suka Tafa Wa Bisa Kuskure

Daga: Kafinta, shago na uku, layin bayan tashar mota.
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Ɗa'a, Majalisar Dokoki.
Kwanan wata: 26 ga Agusta, 2024.

Game da: Ƙuri'un wakilin mazaɓarmu kan binciken makarantar kwana ta kurame

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni mahaifi ne ga wata yarinya kurma mai shekara goma sha ɗaya, Auta muke ce mata. Ga kokena:

1. A hutun Disamba ta dawo gida da shatin igiya a wuyan hannayenta. Ta nuna mana cewa mai kula da ɗakin kwanansu tana ɗaure wa yara hannu ta baya in ta gan su suna hira a layin abinci. Ranka ya daɗe, kurma da hannu yake magana, da shi yake neman ruwa, da shi yake cewa zai zaga.

2. Mu iyaye tara muka kai kuka ofishin wakilinmu ranar 16 ga Janairu. Ya kama hannun Auta ya jujjuya, ya ce shi ma uba ne.

3. An kawo ƙudurin bincike ranar 5 ga Maris, wakilinmu bai zo ba. An sake kawowa ranar 14 ga Mayu, ya zo, amma ya ce ba ya kowane ɓangare.

4. Ranar 9 ga Yuli aka gayyaci yaran su kalli zama na uku. Aka hau da su benen baƙi tare da malaminsu, shi ma kurma, mu iyaye aka bar mu a bakin ƙofa, wai babu kujeru. Tafintan maganar hannu da aka yi alkawari bai zo ba. Da aka kira sunan wakilinmu ya miƙe, ya ba yaran baya, ya ce a'a. Sannan ya juyo yana murmushi ya ɗaga musu hannu. Su kuwa bayin Allah suka ɗaga hannuwa sama suna karkaɗawa, irin tafin kurame ke nan. Ƙudurin ya faɗi da ratar ƙuri'a biyu. Sai da na yi sawu huɗu ofishin akawun majalisa kafin na ga sakamakon a rubuce, sauran kuwa Auta ce ta nuna mini.

5. Hoton tafin nan yanzu yana manne a bangon da ke kallon shagona, an rubuta Gatan Masu Buƙata Ta Musamman. Kullum ina fere katako ina kallon 'yata tana gode wa wanda ya ƙi ta. Wallahi abin yana ci mini rai.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a tambaye shi dalilinsa a rubuce, a sa ya cire hoton, a kuma dawo da ƙudurin kafin 9 ga Satumba, ranar komawa makaranta. Na san wannan takarda ta uku ce, biyun farko ko amsa ba su samu ba.

Matar da ke ɗaure musu hannu tana nan a kan aikinta, kuma babu wata makarantar kurame da zan iya kai yarinyar. Auta ta riga ta haɗa akwatinta tun jiya, tana murna, don a saninta an kori matar. Na iya maganar hannu daidai gwargwado, amma har yau na kasa ɗaga hannuna in faɗa mata.

Allah ya ƙara girma. Na gode da haƙurin karantawa.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Kafinta, mahaifin Auta