Shirun Fiddausi

Madinat Khalifa, Doha

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Ya jikin, ya ƙafar? A takarda na rubuta zan ɗauki hotonta in turo miki, don in na ce zan faɗa da baki, kuka ba zai bar ni ba.

Maganar Fiddausi ce. Ranar Lahadi, wadda a nan ranar karatu ce, makarantarsu suka kira ni. Malamarsu, wata 'yar Filifin mai kirki, ta ce tun da aka buɗe makaranta ba ta taɓa jin muryar yarinyar nan ba, ko da amsa suna ne. Dariya na yi, Inna. Na ce ko dai wata yarinya take nufi? Fiddausin da ke hana mu jin labarai a gida? Sai ta miƙo mini leda da kayan da suka canza mata. Fitsari ne ya matse ta, ta kasa neman izini, ta zauna a kujerarta har ya zubo, yara suna kallo. Yarinya mai shekara shida.

Shugabar makarantar ta ce sai mun kai ta asibiti an yi mata gwaji, a duba ko kunne ne, ko fahimta, ko wani abu daban, kafin su bari ta wuce aji na gaba.

Abban Fiddausi ya yi tsalle ya dire. Ya ce ba wanda zai rubuta wa 'yarsa taɓin hankali a fayil ya bi ta har girmanta. Ya ce khalas, magana ta ƙare, da an yi hutu zai kawo ta Katsina ta zauna wurinki, ta yi karatu cikin masu jin yarenta. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce iska ce.

Da nake mata kitso na tambaye ta a hankali. Ta ce, “Mama, ina so in yi. Maganar ce ba ta fitowa, a nan take tsayawa.” Ta ɗora yatsa a maƙogwaronta.

Inna, ba na son a raba ni da ita. Ki ba ni shawara.

Taki,
Safiyyatu

*

Ƙofar Ƙaura, Katsina

Autata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai dai ba na zama a tabarma yanzu. Na karanta takardarki, sai da aka ƙara mini girman hoton.

Ki fara share hawayenki. Ƙawata Fiddausi ba ta da iska. Jiya ta tsare ni a waya tana ba ni labarin kyanwar da ta haihu a ƙarƙashin motarku har miyata ta kama. Wanda ya ce iska ce ya zo ya saurare ta.

Amma kada ki ce don tana surutu a gida ba komai. Abin da ya sa yaro ya gwammace ya jiƙe kansa da ya buɗe baki, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ki yi mata addu'a safe da yamma, kuma ki kai ta asibitin. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Da idona ya fara hazo, ai ban ji kunyar zuwa a auna ba.

Shi kuma maigidanki kada ki yi jayayya da shi. Tsoro ne yake ji, maza kuwa in tsoro ya kama su faɗa suke yi. Ki ce masa ni na ce ƙofata a buɗe take ga jikata, amma ba zan karɓe ta ba sai na ji abin da likita ya ce. Ba zai so ya yi musu da ni ba.

Ki gaishe shi. Ki ce wa ƙawata ina jiran sunayen 'ya'yan kyanwar.

Allah Ya yi miki albarka.
Innarki

*

Madinat Khalifa, Doha

Inna,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Maganarki ta yi aiki. Bayan kwana biyu Abban Fiddausi ya ce mu je. Amma ya ƙi shiga, a mota ya zauna.

An fara da kunne, lafiyarsa ƙalau. Daga nan aka haɗa mu da likitar da ke duba tunani da halayyar yara, wata 'yar Sudan mai sanyin murya. Ta yi mini tambayoyi har na gaji: yaushe ta fara tafiya, yaushe ta fara magana, da wane yare, da wa take sakewa. Sai ta zauna a ƙasa kusa da Fiddausi, ta zube mata 'yan katakai masu launi da hotuna. Duk abin da hannu zai yi ta yi shi, har likitar ta ɗaga gira. Amma da aka zo kan tambayar da sai da baki, sai ta ƙame kamar an dasa ta. Kafaɗunta suka ɗage, idonta a ƙasa. Ban taɓa ganin 'yata haka ba, Inna. Ashe haka take yini kullum.

Likitar ba ta matsa mata ba. A waje ta ce mini rabin gwajin bai yiwu ba, don dole ta ji yadda yarinyar ke haɗa magana da yadda take ba da labari. Ta ce, “Da wa ta fi sakin baki a duniya?” Na ce da kakarta. Ta ce to a kira kakar.

Don haka ranar Talata mai zuwa, da hantsi a wurinku, ki riƙe wayarki a kusa. Ba abin da za ki yi sai hirar da kuka saba. Kada ki ce mata ta gaida kowa.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Safiyyatu

*

Doha

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman afuwa da na rubuto muku kai tsaye. Safiyyatu ta ce ni ya kamata in ba ku labari, tunda ku murya kawai kuka ji, ba ku ga ɗakin ba.

Wannan karon na shiga. Likitar ta sa mu zauna a gefe, ita kuma ta juya baya tana shirya takardu kamar ba ta san da kowa ba. Da kuka ce, “Ƙawata, ina labari?” Fiddausi ta kalli likitar, ta kalli wayar, ta ja jiki ta shige ƙarƙashin tebur da wayar. Mun daɗe ba mu ji komai ba sai muryarku. Sannan muka ji raɗa: “Inna, 'yar kyanwa guda ɗaya ta ɓata.” Kuka ce, “Wacce?” Ta ce, “Mai farar ƙafa.” Kuka ce lalle uwar ce ta sake mata wuri. Nan take ta manta inda take, ta ɗaga murya tana musu da ku, wai ai ta duba ko'ina, har bayan injin sanyi. Safiyyatu tana fassarawa a hankali, likitar tana rubutu. Ni kuwa na kasa kallon kowa.

Jiya muka karɓi sakamako. Likitar ta ce basirarta daidai take da ta sa'o'inta, a wasu abubuwan ma ta wuce. Hausarta cikakkiya ce, Turancin ma tana fahimta. Ta ce ba taurin kai ba ne, ba kuma kunya ce irin wadda muka sani ba. Tsoro ne mai ƙarfi da ke kulle mata murya a wurin da ba ta saba ba, kuma akwai yara da yawa masu irinsa. Na tambaye ta, in na mayar da ita gida fa? Ta ce zai iya bin ta can, ga kuma rabuwa da uwa a kai.

Ba ta yi mana alkawarin sauri ba. Ta ce yana iya ɗaukar watanni, ko fiye. Za mu riƙa kai ta duk mako. An rubuta wa makaranta su daina tsayar da ita a gaban aji, su ba ta kati da za ta ɗaga in tana son fita. Mu kuma mu daina cewa ta gaida baƙi, mu riƙa gayyato 'yar ajinsu guda ɗaya gida. In ta yi magana a waje, kada a yi mata shewa, a yi kamar ba a lura ba. Makarantar ta yarda ta wuce aji.

Na janye maganar kawo ta. Roƙona shi ne, in ƙafar ta ba da dama, ku ku zo mana bayan Sallah. Zan shirya komai.

Allah Ya ƙara girma, Ya saka da alheri.

Ɗanku,
Badaruddeen

*

Ƙofar Ƙaura, Katsina

Autata,

Sallama da gaisuwa. Ki ce wa maigidanki na ga takardarsa, Allah Ya yi masa albarka. Zuwa kuma zan zo, in dai ba za a sa ni hawa matakalar nan mai tafiya da kanta ba.

Abu ɗaya zan gaya miki. Kada ki zauna kina jiran ranar da za ta yi magana kamar mai jiran ganin wata. Yaro yana gane idon da ke jira. Ki ci gaba da harkokinki.

Allah Ya tsare ku.
Innarki

*

Madinat Khalifa, Doha

Inna,

Assalamu alaikum. A gurguje nake rubutawa kafin ta fito daga wanka.

Har yanzu ba ta yi wa malamarsu magana ba. Amma yau da na je ɗaukarta, malamar ta ja ni gefe ta ce tana da tambaya. Wai wani yaro ne ya fizge abincin yarinyar da ke zama kusa da Fiddausi, yarinyar ta fashe da kuka. Sai malamar ta ji wata murya da ba ta sani ba ta faɗi kalma ɗaya da ƙarfi, yaron ya saki. Ta ce ta ci gaba da share allo kamar ba ta ji ba. Ta ce, “Madam, mene ne ma'anar bari?”

Na gaya mata.

In ta kira ki anjima, don Allah kada ki tambaye ta. Mu ma ba mu ce mata komai ba.

Sai kin zo.

Taki,
Safiyyatu