Jaka Biyu a Bayan Ƙofa

Makó,
14 ga Oktoba.

Zuwa ga yayata Jolán,

Ina miƙo miki gaisuwa mai yawa daga gidan da aka haife mu, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Declan da yara. Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan, ya tsare ku daga sanyin Ireland da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya, sai godiya. An kwashe albasa, bana ta yi kyau amma kasuwa ta ƙi. Maigidana Kálmán yana nan yana fama da motarsa ta ɗaukar kaya. Gwaggo Etelka ta cika tamanin da ɗaya, kunne ya tafi amma bakin yana nan daram. Ranar Lahadi na je kabarin Mama na share ganye, na ajiye furanni da sunana da naki kamar yadda na saba, ko da yake ba ki aike ni ba.

Kin san ni ba mai rubuta wasiƙa ba ce. Waya ce ta ƙi ni, shi ya sa na ɗauki biro. In na kira 'yata Emese kiran ba ya shiga, in na kira ki sai ki ce tana wurin shanu, ko tana wanka, ko ta kwanta. Haba Yaya, wata biyu yarinya tana wanka? Na san 'yata ta ba ki labari, kuma na san ba ta ƙara mini ko gishiri ba, don ƙarya ba halinta ba ce. Amma ki daure ki ji daga bakin wadda ta aikata, akwai abin da ita kanta ba ta sani ba.

Kin ga hotunan bikin maƙala kintinkiri da na aiko miki a watan Disamba, ranar da ake maƙala wa 'yan ajin ƙarshe alama a ƙirji. Kwana huɗu na yi ina rage farar rigar da muka aro don ta zauna mata. Da ta fito rawa da babanta, Kálmán yana taka mata ƙafa tana dariya, sai na ji matar da ke bayana tana cewa wai wannan dai ba ta zaman Makó ba ce. Tun daga ranar maganar nan ba ta fita daga raina ba. A watan Fabrairu muka zauna ni da ita muka cike takardar neman jami'a a kwamfutata. Yanzu ba kamar zamaninmu ba ne: kana jera wuraren da kake so ne daga sama zuwa ƙasa, su kuma su ba ka na farkon da makinka ya kai, sauran su soke. Ana iya sauya jerin sau ɗaya tak, zuwa farkon Yuli. Ta sa karatun likitan dabbobi na Budapest a sama, abin da take mafarki tun tana ɗaure wa kajin Mama ƙafa da tsumma. A ƙasa, don ta faranta mini, ta sa karatun malanta na Szeged, tafiyar rabin awa a bas. Kalmar sirrin ni ta bai wa, wai ita kanta ba ya riƙe irin waɗannan abubuwa, amma ni Mamanta ba na mantuwa. Haka ta ce, har da sumbata a kumatu.

Sai ranar bankwana da makaranta ta zo a watan Mayu. Ba sai na tuna miki ba, kin yi taki: azuzuwa cike da furanni, yara a jere kowa hannunsa a kafaɗar na gabansa, suna zaga makaranta suna waƙar tafiya, kowa da 'yar jakarsa a rataye. Ni na cika mata tata da hannuna. Na sa 'yar gurasa don kada ta ji yunwa, gishiri, tsabar kuɗi guda, sannan na je bayan gida gindin itacen nan da Baba ya dasa na ɗebo ƙasa na ƙulle a ɗan ƙyalle, don duk inda ta je ta tuna gida. Mutum ashirin da uku na ciyar ranar, miyar kifi da kaza da jan barkono. Ana cikin ci Gwaggo Etelka ta ɗaga murya, kin san kurma ba ya raɗa, ta ce wai ita ta ga irin wannan da yawa, yau Budapest, gobe Vienna, jibi sai hoto a kan kabad, a tambayi Jolán in ana musu. Kowa ya fashe da dariya, har Emese. Ni na tashi na shiga ɗakin girki na tsaya ina wanke cokalin da ba shi da datti.

Kada ki ce tsohuwa ce take sambatu, ki zo ki ƙirga da kanki. A layinmu gida tara ne a rufe. Sauran tsofaffi ne a ciki, suna zaune gaban waya suna jira ta yi ƙara ranar Kirsimeti. Ni na ga yadda abin yake tun daga cikin gidanmu. Ke kika tafi, ni na zauna. Ni na yi shekara shida ina juya Mama a gado, ina wanke ta, tana kirana da sunanki. Kin zo jana'iza da baƙin gilashi, kika yi kwana uku kika koma. Ba gori nake miki ba, ko kuma gorin ne, oho. So nake ki san abin da ke cikin kaina ranar Talatar nan ta farkon Yuli, ranar ƙarshe ta sauya jeri, da ƙarfe uku na rana, Emese tana asibitin dabbobi inda take taimakawa. Na buɗe kwamfuta, na ɗaga Szeged sama, na sauke Budapest ƙasa. Ko minti biyu ban yi ba. Na ce wa kaina abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na rufe, na je na ɗora tukunya.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Kálmán. Da na kwana na tashi, tsoro ya kama ni, na koma don in mayar, aka ce damar ta ƙare. Sai na yi lissafi: in makinta bai kai na Budapest ba, ai Szeged za a ba ta ko da ban taɓa komai ba, babu wanda zai taɓa sani. Yaya, mako uku na yi ina shiga coci ina kunna kyandir ina roƙon Allah kada makin 'yata ya kai. Yarinyar da na ga ta rame a kan littafi, wadda nake kai wa shayi tana hardace sunayen ƙasusuwa. Sauran iyaye suna durƙushe kusa da ni suna roƙon nasu su ci, suna matsa mini hannu wai Allah ya ba Emese sa'a, ni ina cewa amin da baki. Wace irin uwa ce wannan? Na tambayi kaina har na gaji.

Ranar sakamako, ƙarshen Yuli, muna tsakar gida da yamma an yanka kankana, rana ba ta ma faɗi ba. Ƙarfe takwas daidai wayarta ta yi ƙara. Ta karanta, fuskarta ta sauya, ta ce Szeged ce. Ta ɗauka makinta ne bai kai ba. Ta faɗo jikina tana kuka tana ba ni haƙuri, wai ta ba mu kunya, wai duk wahalar da na sha a kanta ta tashi a banza. Ni kuwa na rungume ta ina shafa bayanta, ina ce mata ba komai, haka Allah ya tsara. Wallahi a wannan lokacin daɗi na ji, ba zan ɓoye miki ba. Daɗin bai kai minti goma ba. Babanta ya duba makin da aka yanke na Budapest, ya ce a tsaya, ai nata ya haura da goma sha ɗaya.

Nan ya kamata in faɗa mata gaskiya. Kwana uku na bar ta tana rubuta takardar ƙorafi, tana cewa na'ura ce ta yi kuskure, har ni na gyara mata wata jimla. A rana ta huɗu ta je wurin malamar ajinsu, Malama Gizella, suka buɗe shafin tare, suka ga rana da sa'ar da aka sauya jerin. Ta dawo ta same ni ina shanya. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta tambaye ni a hankali ina nake ranar Talata da ƙarfe uku. Ni kuwa, kin san bakina, maimakon in durƙusa sai na hau borin kunya: wai ni na haife ta, wai malanta ba abin raini ba ne, wai ta bari ta haifi nata ta gani. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce sauyin da na yi za ta iya ganewa wata rana, don ta san tsorona, amma rungumar da na yi mata tana ba ni haƙuri, wannan ba ta san inda za ta ajiye ta ba. Daga nan ba ta ƙara ce mini Mama ba. Kálmán ma bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi garin neman gira na rasa ido, ya ɗauki filonsa ya koma ɗakin baƙi, har yau can yake kwana.

Sauran kin fi ni sani, tunda ke kika saya mata tikiti ba ki ko tuntuɓe ni ba. Na guje wa tafiyar awa uku a jirgin ƙasa zuwa Budapest, ga shi yanzu teku ce tsakanina da ita. Ta ƙi gurbin Szeged, tana can tana kwashe kashin shanun mijinki da maki ɗari huɗu da ɗoriya a aljihu. Na ji haushinki ƙwarai, har yanzu ma ina ji. Ke da ba ki taɓa zama da ita ranar zazzaɓi ba, ke ce yanzu mai ceto, ni ce dodo. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma gara tana gidanki da a ce tana hannun baƙi. Allon hotunan 'yan ajinsu, irin wanda ake kafewa a shagunan gari bisa al'ada, ya yi duk bazara a tagar shagon takalman da nake aiki, mutane suna tsayawa suna nuna ta, wasu su leƙo su kalle ni. Makó ba ta riƙe sirri. A watan Satumba ni aka sa na ciro shi na kai makaranta, na ratsa kasuwa da shi a hammata.

Abin da nake roƙonki guda biyu ne. Na farko, za a sake buɗe neman jami'a, a rufe a tsakiyar Fabrairu. Malama Gizella ta ce makinta yana nan da ransa. Ki zaunar da ita ta cike, ta sa Budapest a sama, ta riƙe kalmar sirrinta ita kaɗai. Na san ta da zuciya, irin tamu ce, za ta iya yar da karatun gaba ɗaya don in gani in ji ciwo. Ki gaya mata ciwon na riga na ji, ba sai ta biya da rayuwarta ba. Kada ki ce mata na ce ta dawo gida, ban isa ba.

Na biyu kuma, kada ki yi mini dariya. Ranar da babanta ya kai ta filin jirgi, na dawo daga aiki na tarar ta rataye 'yar jakar bankwananta a ƙusar bayan ƙofar ɗakin girki. Kin san ƙusar. A nan Mama ta rataye taki shekara ashirin da bakwai da suka wuce, tana kaɗe mata ƙura duk Asabar, ni ina yi mata tsiya ina cewa jaka ba ta dawo da mutum. Ban taɓa sauke ta ba, yanzu sun zama biyu. Makon jiya na kasa daurewa na sauke su na buɗe. A taki komai yana nan, har ƙullin ƙasar da Mama ta sa miki, ko kwance shi ba ki yi ba. A ta Emese gurasar tana nan ta bushe, gishiri yana nan, kuɗin yana nan, amma ƙullin ƙasar babu. Na zazzage kwandon shara, na duba gindin itacen Baba, na ɗaga katifarta, ban ga ko ƙyallen ba. Ko ta watsar a hanya, ko ta tafi da shi, ban sani ba. In kin shiga ɗakinta, kada ki yi mata bincike, na yi wanda ya ishe mu duka. Ki dai ɗan kai ido kan taga ko gefen gado. Ɗan ƙyalle ne shuɗi mai ɗigon fari, daga tsohon ɗankwalin Mama.

Ki gaida Declan, ki ce na gode da ya ba ta ɗaki. Ki gaida Réka da Aidan, Allah ya raya su, ya sa su fi mu sa'ar iyaye. Gwaggo Etelka tana gaishe ki, wai ki aiko mata da shayin nan. Kálmán bai san na rubuto ba, amma na san zai ce a gaishe ku. Emese kuwa, ki sa ta sa rigar sanyi in za ta fita wurin shanu, ƙirjinta ba shi da ƙwari, ba sai kin ce daga ni ba ne. In kin ga ƙullin, ki rubuto mini kalma ɗaya, ta ishe ni. In ba ki gani ba, kada ki amsa wannan takarda, zan gane.

Ni ce ƙanwarki da ta zauna,
Piroska