Kyaftin Mace da Inji Mai Zafi

Talata da dare, Maamobi

Zuwa ga shugabannin ƙungiyarmu ta masu kallon fina-finan sararin samaniya, cikin girmamawa, ko da yake a littafina maganar za ta tsaya.

Yau kun tuɓe ni daga sakatare, wai na ƙi jarumar fim, kyaftin ɗin jirgi, domin mace ce. Ƙarya ne! Ni makaniken trotro ne, motocin haya. Cewa na yi ta kama injin jirgi da zafinsa, ba ko tsumma a hannunta. Amma Sulley, ɗan ƙungiyarmu, ya daka mini tsawa: "Masta, faɗi gaskiya, mace ce ba ka so a gaba!"

Ni da mace ta koya wa riƙe biro?

Shaidu: Sulley, Baba Issaka mai shago, da Malama Rabi, malamar tawa, wadda har aka tashi ba ta kare ni ba.